DARASIN YAU: ME KE SA ƊALIBI YA YI NIYYAR FARA KIWO?



Kwanaki wani ɗalibin jami'a ya zo hutu gida Kazaure, ya biyo ta wajen kajina tare da abokinsa ɗan Poli ta Hussaini Adamu. Duk su biyun sun yi darasin koyon sana'a a aji, amma ɗaya ne kawai ke da niyyar farawa. Ɗayan ya ce jari ne matsalarsa. Na ce masa a'a, akwai abin da ya riga jari.

A 1991 wani masani a Amurka, Icek Ajzen, ya yi bayanin cewa abu uku ke gina niyyar mutum:

1. Yadda kake kallon abin. In kana ganin kwashe kashin kaji ƙasƙanci ne ga mai digiri, ko miliyan aka ba ka ba za ka daɗe ba.

2. Abin da na kusa da kai ke cewa. In kullum Baba na tambayar "yaushe za a ɗauke ka aiki?", jiki kan yi sanyi. Ka zauna da shi, ka nuna masa lissafi a takarda.

3. Yarda cewa za ka iya. Wannan ba a samunsa a aji, sai hannu ya taɓa.

Ni na ukun nan ne ya riƙe ni. Ina ɗalibi na zuba buroila 30 a watan Afrilu, ɗakin kwano, ba iska. Zafi ya kashe min 11. Wallahi na yi baƙin ciki, amma da na sayar da ragowar, tsoro ya fita daga raina.

To ɗalibi, ga shawara. Buroila sati 6 zuwa 8 take kai sayarwa, dogon hutu ɗaya ya ishe ka gwaji. Fara da 20 ko 25. Kada ka tsallake rigakafin Gumboro da Lasota. Rubuta duk abin da ka kashe, musamman abinci, don shi ke cinye mafi yawan kuɗin. Tarwaɗa kuwa kusan wata 4 zuwa 6 take ɗauka, sai ka tanadi wanda zai kula da ruwa in ka koma makaranta.

Kai fa, wanne ne cikin ukun nan ya riƙe ka?

Allah Ya sa wa nemanmu albarka.