Shuka Ciyawar Dabbobi: Yaushe, Kuma Ta Yaya?

'Yan'uwa, idan watan Maris ya zo, harawa ta ƙare kuma awaki sun fara ramewa. Shi ya sa wasu manoma ke shuka ciyawa mai dangin wake, kamar lablab da sitailo, domin rani. Amma sau da yawa irin ba ya kamawa, sai a ɗora wa mai sayarwa laifi, alhali lokaci ko yadda aka shuka ne ya jawo.

Kada ku yi gaggawa da ruwan farko. Irin sitailo ƙanana ne ƙwarai; in ya tsira aka yi kwana goma babu ruwa, ya mutu. Ku jira damina ta zauna. Kada kuma ku kai ƙarshen damina, domin saiwa ba za ta yi zurfin da za ta jure rani ba.

Idan cikin dawa za ku sa shi, ku bar dawa ta riga shi. Gwaje-gwajen da cibiyar ILCA ta yi a kudancin Kaduna cikin shekarun 1980 sun nuna cewa shuka su rana ɗaya yana rage hatsi, amma jinkirin mako 3 zuwa 6 yana rage wannan asara. Bayan noman firi ke nan, kuma abincin iyali ne a gaba.

Ɓawon irin sitailo yana da tauri, ruwa ba ya shiga da sauƙi. Ku tafasa ruwa, ku sauke ya ɗan huce, ku jiƙa irin na 'yan mintoci, sannan ku shanya a inuwa. Kada a dafa shi a kan wuta! A yayyafa a kan ƙasa mai laushi, a tattake. In ya nutse fiye da santimita 1, da wuya ya fito. Tsohon mashekari yana da kyau, gama shanu sun riga sun tattake shi sun bar taki.

Lablab kuwa babba ne, ba ya bukatar jiƙo. A shuka shi a rami kamar wake, zurfin santimita 3 zuwa 5. Wanda aka watsa a sarari rabon tsuntsaye ne.

Don tattaunawa: wa zai ba da ɗan fili bana, mu yayyafa rabi, mu shuka rabi a layi, mu ƙirga tsiron bayan mako 4? Wa kuma zai kula da shinge?