Takardar Makaranta Daban, Hatimin Akanta Daban

Kwanakin baya wani dattijo, shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Bakolori, ya same ni a ofis riƙe da baƙar leda. Da ya zazzage ta, sai ga littattafan rubutu uku irin na 'yan firamare, da rasit ɗin taki da ruwa ya jiƙa, har da guntun kwali da aka rubuta bashin man injin ban-ruwa a bayansa. Banki ya ce ba rance sai an kawo lissafin shekara wanda akanta mai lasisi ya bincika ya sa hannu.

"Ɗana," in ji shi, "ai yaronmu a Mafara ya karanta akanta. Me zai hana ya buga mana?"

Na ce, "Baba, yaron ya iya aiki, ga shige da fice nan ya jera daidai. Hannunsa ne bai kai ba tukuna."

A nan mutanenmu ke ruɗewa. Babbar difloma daga Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko digiri daga Gusau ko Sakkwato, duk tushe ne mai kyau, amma ba su ne lasisi ba. Kuma ba gwamnatin jiha ke bayar da shi ba, saɓanin Amurka inda kowace jiha ke ba nata akantocin izini. A Najeriya, ƙungiyoyin ƙwararru ne doka ta ɗora wa wannan nauyi, fitattu su ne ICAN, wadda aka kafa a 1965, da ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993. Wanda ya samu lasisinsu, daga Maradun har Legas hatiminsa na aiki.

Hanyar ICAN jarrabawa ce mai matakai uku, kuma wanda ya karanta akanta a makarantar da suka amince da ita ana yafe masa wasu darussa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙannenmu ba su san da shirin ATSWA ba. Ɗan sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, yana iya fara shi tun kafin ya samu gurbin jami'a. Ita ANAN, sai ka gama digiri ko babbar difloma, ka tafi kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, sannan ka yi horon aiki ƙarƙashin wani ƙwararre. Ko bayan zama mamba, izinin buɗe ofishin binciken kuɗi sai an nema daban.

Ba zan ce abin da sauƙi ba. Kuɗin rajista da na littattafai suna ciwo, ga tafiya wurin jarrabawa a wannan hali na hanyoyinmu. Ni kaina sau biyu ina faɗuwa darasi ɗaya, har na kusa haƙura.

Amma aikin yana nan a gida. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maganar wanda zai riƙe littafi ta ƙara nauyi, ga su 14 a Zamfara. Ga masu injin gyaran shinkafa, ga makarantun kuɗi, ga 'yan kasuwar ranar Talata da ke juya miliyoyi amma lissafin na cikin ka. Shi wancan dattijon, sai da muka aika takardunsa wani gari kafin aka samu mai sa hannu, taki kuma bai jira shi ba.

Ƙanena ko ƙanwata da ke aji a Mafara, ko mai bautar ƙasa daga Bakura, kada ka jira sai ka samu aiki. Je wurin shugaban sashenku ka tambayi darussan da za a yafe maka, ka yi rajista a zangon da ke tafe. Iyaye kuma, in yaro ya ce akwai sauran jarrabawa bayan ya gama makaranta, ba wayo yake muku ba, a taimaka masa da kuɗin fom.