Tarihin Gidanmu na Maƙera

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ɗan maƙera ne, kuma ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin gidanmu kamar yadda na tattara shi daga bakin kakata, matar marigayi kakana, wadda ta haura shekara tamanin a duniya. Ƙauyenmu yana arewa da birnin Kano, unguwarmu kuwa ana kiranta Unguwar Maƙera. Abin da na lura da shi a cikin wannan tarihi shi ne, tun daga kakan kakana har zuwa babana, kowane ɗaya daga wuri dabam ya samo ƙarfensa, amma wutar maƙerar ba ta taɓa mutuwa ba.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Labarin gargajiya ya nuna cewa mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne da suka zo daga Gaya suna neman tama, watau dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, kuma su ake kira Abagayawa. Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran fari masu yin zobe da munduwa da sauran kayan ado, akwai kuma maƙeran baƙi masu yin fartanya da garma da lauje da gatari da sungumi. Mu maƙeran baƙi ne.

Kakan kakana shi ne na ƙarshe a gidanmu da ya dafa tama. Idan kaka ta wuce, sai su fita daji su da 'yan'uwansa su yi sansani. Waɗansu su haƙo tama su farfasa ta, waɗansu su sare ƙirya su ƙona gawayi, domin gawayin ƙirya ya fi daɗewa yana ci. Sa'an nan su gina tanderu na laka, su zuba tama da gawayi hawa-hawa, su sa wuta ta kwana tana ci. Idan ta huce sai a fasa, a ware ƙarfe, a zubar da kashin maƙera. A darasin kimiyya mun koyi dalilin wannan aiki: ban da zafin da gawayi yake bayarwa, shi ne kuma yake janye iskar da ta haɗu da ƙarfe a cikin dutse, har ƙarfen ya fito shi kaɗai. Su ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san adadin gawayin da za su zuba, sun kuma san launin wutar da za su jira.

Yana cikin ƙarfinsa Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Ba a daɗe ba aka yi yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta tarwatsa gidaje da yawa. Bayan an farfaɗo, sai ga tsohon ƙarfen Turawa ya fara cika kasuwar birni, ga shi da araha, ba sai an kwana a daji ba. Ɗansa, watau baban kakana, bai ƙara gina tanderu ba. Yakan ɗaura wa jakinsa mangala ya tafi birni ya sayo guntayen ƙarfe. A lokacin ne noman gyaɗa ya bunƙasa, kowane manomi yana bukatar fartanya da garma, saboda haka aiki ya yi masa yawa har ya tara yaran maƙera. Amma sanin dafa tama ya bi kakan kakana kabari, domin babu wanda ya koya, babu kuma wanda ya rubuta.

Kakana ya auri kakata ana gab da samun mulkin kai a 1960. Ita ma 'yar maƙera ce daga wani ƙauye kusa da namu, domin a da maƙera sun fi son su ba junansu aure. Ta ce ran da aka kawo ta an kwana ana kaɗa dundufa, kiɗan maƙera, samari suna wasa da jan ƙarfe a gaban jama'a. Kayan aikin kakana su ne uwar maƙera, wadda ake ɗora ƙarfe a kanta a buga, da masaba, da awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, da magagari, da zugazugi na fatar akuya. Da bazara manoma sukan karɓi kayan aiki bashi, idan kaka ta yi su biya da damin gero ko dawa.

Kakata ba ta taɓa riƙe masaba ba, amma duk wanda ya san gidanmu ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita take riƙe lissafin bashin manoma a kanta, ta san wanda ya karɓi garma da wanda ya karɓi lauje, ba ta mantuwa. Tana kaɗi, tana yin daddawa, tana kiwon awaki. Idan yaro ya ƙone a unguwa, wurinta ake kawo shi, domin maganin ƙuna gadon gidan maƙera ne.

An ga amfaninta sosai a lokacin farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974. Gonaki ba su yi ba, manoma ba su da abin biya, wanda bai sami na tuwo ba kuwa ina zai sami na sabuwar fartanya? Kakana ya yi niyyar ya sayar da uwar maƙera ya tafi birni ya yi dako. Kakata ta ce masa, “Maigida, awaki nawa ne, tasoshin aure ma nawa ne, a sayar da su. Uwar maƙera kuwa ta 'ya'yanmu ce, ba ta fita daga gidan nan.” Haka aka yi. Da kuɗin aka sayi hatsi, da sauran kuma aka sayi ƙarfe aka ajiye. Ya tafi ci-rani shi kaɗai, da ruwa ya sauka ya dawo ya hura wuta. Maƙera biyu a unguwarmu da suka sayar da kayan aikinsu a wannan shekara, jikokinsu ba su san ƙira ba yau.

Ita ce kuma ta tsaya aka sa babana a firamare lokacin da aka fara shirin ilimi kyauta ga kowa a 1976. Sharaɗin da kakana ya sa shi ne, da safe makaranta, da yamma zuga. Babana ya tashi ya tarar da ƙarfe na uku, watau tsohon sifirin mota. Wannan ƙarfe idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa yakan yi tauri, kaifinsa ya daɗe. Ya ajiye zugazugin fata, ya haɗa fanka da wilin keke, yaro ɗaya yana juyawa da hannu ɗaya. Daga baya ya koyi walda ya sayi janareta. Yanzu yana gyara garmar shanu, yana haɗa amalanke da ƙofofi da tagogi, amma har yau idan bazara ta yi, a kan uwar maƙerar da kakata ta hana a sayar yake buga fartanya.

Sana'ar tana da matsalolinta a yau. Ƙirya ta yi ƙaranci, gawayi da man janareta sun yi tsada, kayan masana'anta sun cika kasuwa, samari da yawa kuma suna jin kunyar a gan su da baƙin hannu. Ni dai a ganina babu abin kunya a sana'ar da take ciyar da manomi, manomi kuma ya ciyar da gari. Burina in Allah ya yarda shi ne in karanta aikin injiniya, in koma in ƙera wa manomanmu injin shuka da na sussuka da za su iya saya, su kuma iya gyarawa a ƙauye.

A ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk mai kaka ko kakan da yake raye, ya ɗauki littafi da biro a wannan hutu ya zauna a gabansa ya tambaye shi asalin gidansu da sana'arsu. Iyayenmu kuma su taimaka su ba mu labari. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gidanmu ya riga ya yi asarar sanin dafa tama, kada naku ya yi irin wannan asara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.