Wa Ya Ƙona Shaddar Alhaji?

Jikana, abokin faɗana, jiya da ka fita a fusace ka bar hularka a kan keken ɗinki. Tana nan na ajiye maka. Kakarka ta ce in ƙyale mata mijinta ya sarara, wai na cika mita. Na ƙyale ka, amma maganar da ka jefo mini daga bakin ƙofa ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauko biro tun kafin ladanin babban masallacin Briqueterie ya kira assalatu.

Bari in faɗi abin yadda na gan shi, in na ƙara gishiri ka gyara mini. An ɗauke wuta da la'asar kana cikin gugar babbar rigar Alhaji, farar gezna, wadda aikin wuyanta kaɗai ya ci mana kwana 9. Ka kifa dutsen guga a kanta, ka ce bari ka leƙa wurin masu tsire ka dawo. Ba ka zare wayar daga bango ba. Aka dawo da wuta kana can kana jira a barbaɗa maka yaji. Da na shigo shago ƙauri ne ya tarye ni. Na ɗaga dutsen, ga rami mai siffarsa sak, bakinsa ja-ja-ja yana marmashewa a yatsa, daidai ƙirji, inda ba aljihun da zai rufe shi. Na tambaye ka, ka ce, "Kaka, ƙaddara ce." Da na matsa sai ka ɗauko ta 'yan jami'a: in Allah ne mai iko da kome, har gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da saninsa ba, to ai shi ya dawo da wutar a wannan minti. In kuma shi ya halicci kome da kome, wa ya halicci mugunta?

Na san ka ɗauko ta ne don ka tsere, amma tambayar ta fi shaddar tsada, kuma ba zan raina ta ba.

Littafi Mai Tsarki da muke karantawa bai ɓoye wuyar abin ba. A Ishaya sura 45, inda ake maganar Sairus sarkin Farisa, Allah ya ɗauki haske da duhu, salama da masifa, duk ya sa su ƙarƙashin hannunsa. A wasiƙar Yakubu kuma, sura ta farko, an hana mutum ya ɗora wa Allah jarabar da ta same shi, an nuna masa sha'awar zuciyarsa a matsayin uwar zunubi. Duba Fir'auna a Fitowa. Wani wuri a ce shi ya taurare zuciyarsa, wani wuri a ce Allah ne ya taurare ta, kuma in ka bi annobai 10 ɗin a jere za ka ga sai a ta shida, ta marurai, aka fara cewa kai tsaye Allah ya taurare masa ita. Ni abin da nake gani a nan, mutum ne ya haƙa wa kansa kwata, daga baya aka bar ruwa ya bi ta. Bitrus ma ranar Fentikos ya haɗa biyun a numfashi ɗaya: ba da Yesu da aka yi yana cikin shirin Allah, amma waɗanda suka kashe shi su suka kashe shi, kuma ya kira su su tuba. Macijin gonar Aidan kuwa, littafin Farawa ya shigo da shi da wayonsa ne kawai, bai tsaya ba da labarin yadda ya lalace ba.

Manya sun yi ta gwabzawa a kan wannan. Erasmus ya rubuta a kan 'yancin nufin ɗan Adam a 1524, Luther ya mayar masa da martani mai zafi a 1525, kuma ka san ni a cocin Lutheran na Ngawundare aka yi mini baftisma, don haka kada ka tambaye ni wa ya fi burge ni. Almajiran Kalbin da na Arminiyus suka kai ƙara taron Dort a Holan, 1618 zuwa 1619. Da na ba maƙwabcinmu malami labarin nan wata rana muna shan shayi, dariya ya yi, ya ce su ma suna da Jabariyya da Ƙadariyya tun farkon zamani. Ashe rijiya ɗaya muke leƙawa.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Agustin, ɗan Afirka ne kamar mu. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishof na Hippo, wato Annaba. Ya yi wajen shekara 9 yana bin Manikiyawa, masu cewa iko biyu ne ke kokawa tun fil'azal, na haske da na duhu. Wannan koyarwa tana da daɗi, don in ka yi ɓarna sai ka ce duhun da ke cikinka ne ya yi, kai ba ruwanka. Daga baya ya bar su, ya ce mugunta ba wata halitta ce mai jikin kanta ba, raguwar alheri ce, lalacewar abin da aka yi shi da kyau. Na daɗe ina jin wannan a bakin fastoci kamar lissafin da ya fi ƙarfina, sai jiya da na riƙe rigar Alhaji. Wa ya saƙa ramin nan? Ba masaƙar da ta saƙa shi. Ba zare ko ɗaya a cikinsa. Ba za ka iya yanke shi ka kai kasuwar Mokolo ka sayar ba, don in ba shadda, ba rami. Amma ga shi nan, ya kashe riga, kuma Alhaji zai gan shi tun daga nesa. Wutar da ta yi shi ma abu ce mai kyau, da ita muke ci. An bar ta ne inda bai kamata ba.

Yanzu ga abin da na tashi da asuba don in gaya maka. Kalmar nan da ka faɗa, ƙaddara, gaskiya ce, amma ba a bakinka ya kamata ta fito ba.

Ka tuna Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, suka sayar da shi azurfa 20, suka tsoma rigarsa a jinin bunsuru suka kai wa tsoho. Bayan shekara 20 da ɗoriya yunwa ta kai su Masar. Ka lura da abin da suke faɗa wa junansu a gabansa, suna zaton ba ya jin harshensu tun da akwai tafinta a tsakani: sun ce alhakin ƙanensu ne ke bin su, sun tuna yadda ya roƙe su suka toshe kunne. Ba wanda ya ce ƙaddara ce. Yusufu ya juya ya yi kuka. Sai da Yahuza ya miƙa kansa a madadin Biliyaminu, sannan Yusufu ya bayyana kansa, sannan ya kawo maganar cewa Allah ne ya aiko shi gaba don a ceci rayuka. Har a sura 50, bayan rasuwar mahaifinsu, da suka zo suna rawar jiki, bai ce musu ba su yi kome ba. Ya kira nufinsu mugun nufi, sannan ya nuna musu nufin Allah da ya bi ta kansa ya fitar da alheri. Wanda aka jefa rijiya shi ya faɗi haka. Ka ƙaddara da Yahuza ne ya shigo fada yana cewa, "Ka ga, da ba mu sayar da kai ba da ba ka zama waziri ba." Kalmomin kusan ɗaya ne, amma a bakinsa da sun zama cin fuska.

Masu laifi kuwa tun farko suke son aron wannan kalma. Adamu da aka tambaye shi, matar ya nuna, ya kuma tuna wa Allah cewa shi ya ba shi ita. Wanda ya fi ba ni dariya Haruna ne. Musa ya sauko daga dutse ya tarar da ɗan maraƙin zinariya, Haruna ya bayyana masa cewa zinariya kawai ya zuba a wuta, maraƙi ya fito da kansa. Alhali an riga an gaya mana shi ya siffata shi da hannunsa. Jiya da kake cewa wuta ce ta dawo, Haruna na tuna, na danne dariya don kada ka ce ba'a nake maka.

Ba kai kaɗai ba ne, mu manya mun fi ku iya wannan. Kana firamare lokacin Eseka. Ranar Juma'a 21 ga Oktoban 2016 ruwa ya yanke hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi cincirindo a tashar jirgin ƙasa, aka ƙara taragu 8 a bayan jirgin. Ya kife kusa da Eseka, hukuma ta ce mutum 79 suka mutu. A unguwar nan duk inda ka zauna, "Allah ya nufa" kake ji, kuma daga bakin uwar da ta rasa ɗa, ni ba ni da abin cewa sai amin, don da wannan kalma take tsayuwa da ƙafafunta. Amma binciken da aka yi ya samu gudu fiye da ƙima, da lodi, da birki marar lafiya, kuma a 2018 kotu ta kama kamfanin jirgin da laifi. Da masu birkin ne aka bari su ce Allah ya nufa, da an rufe magana, taragun kuma su ci gaba da tafiya yadda suke.

Akwai kuma irin wadda ba hannun kowa, kada in yi maka ƙarya in ce kowane rami akwai wanda ya bar dutsen guga. Daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya amayo iska mai shaƙewa, ta gangara ƙauyuka ta kashe mutum 1,746 da dabbobi dubbai, galibi suna barci. Ina shago na ji a rediyo, allura a hannuna. Wa za a kai kotu? A irin wannan, hatsarin da ke kanmu wani ne daban: mu fara ƙirga zunubin mamata. Yesu ya hana. A Luka sura 13 ya ɗauko mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho suka tambayi laifin wa, nasa ko na iyayensa, ya kawar da duka biyun. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana 7 da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa, nan suka ɓata, har Allah ya tsawata musu a ƙarshe. Shi Ayuba bai samu bayanin da ya nema ba. Tambayoyi aka yi masa daga cikin guguwa, kan teku da taurari da namun jeji, kuma ya tashi daga wurin da natsuwa. Na kai shekarun nan ina karanta wannan wuri, wani lokaci ya ishe ni, wani lokaci in rufe littafin in yi shiru. Ko a Nyos ɗin ma, daga 2001 an kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar a hankali, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masu bututun sun yi wa Allah shisshigi ba.

To, ka ga yadda nake rabon abin. Dawowar wuta a wannan minti ba a hannunka take ba, na yarda. Wayar da ke bango kuwa taku ɗaya ce tsakaninka da ita. Kayinu ma kafin ya taɓa ƙanensa an gargaɗe shi cewa zunubi na fako a bakin ƙofa, kuma an sa ran ya fi ƙarfinsa. Ba a gaya wa dutse haka.

Gobe da hantsi ka zo ka ɗauki hularka, ka naɗe rigar, mu tafi wurin Alhaji tare. Zan tsaya a bayanka amma kai za ka yi magana. Ka gaishe shi, ka buɗe ramin ya gani da idonsa, ka ce, "Alhaji, ni na bar dutsen guga, ni na tafi cin tsire." Kada ka ambaci wuta sai in ya tambaya. Na san mutumin shekara 30, mai yiwuwa ya yi shiru, ya shafa bakin ramin, ya ce ƙaddara ce. In ya faɗa, ka sunkuyar da kai ka ce na gode, don shi yana da ikon faɗa. In bai faɗa ba, ka haƙura da abin da ya fito. Kuɗin shaddar zan sa jaka 20 daga aljihuna, sauran a riƙa cirewa a ladan ɗinkinka har ya cika. Aikin wuyan bai ƙone ba, na duba, za mu iya farke shi mu ɗora a sabon yadi, kuma kai za ka yi farkewar. Ka taho da reza sabuwa, tawa ta dakushe.