Darasin Lafiya: Idan ƙashin kunci ya karye, wa za mu ba amanar fuskarmu?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, aikinmu ba ya rabuwa da haɗari. Jaki yana harbi, sa yana tunkuyi, amalanke yana kifewa, kabu-kabu yana kayar da mutum a hanyar kasuwa. Sau da yawa fuska ce ke fara haɗuwa da ƙasa. A wannan darasi za mu ga yadda ake zaɓen lokotoron da zai gyara kunci bayan irin wannan rauni.

Mene ne aikin ƙashin kunci?

Mu ɗora yatsa a ƙarƙashin ido, wajen gefe. Tudun da muka ji shi ne ƙashin kunci. Shi ke ba fuska kamanninta. Shi ke tallabe gurbin ido ta ƙasa da ta gefe. Naman da muke tauna abinci da shi yana bi ta ƙarƙashinsa. Saboda haka karayarsa ba maganar kyau kaɗai ba ce. Ta shafi gani da cin abinci.

Ga alamomin karaya:

1. Kunci ɗaya ya lotsa, bai yi daidai da ɗan uwansa ba.
2. Baki ya ƙi buɗewa sosai.
3. Mutum yana ganin abu ɗaya kamar biyu.
4. Kunci da leɓen sama da gefen hanci sun mutu, ba a jin taɓawa.
5. Farin ido ya yi ja, kewayensa ya yi baƙi.

Mu lura: a kwanakin farko kumburi yana ɓoye lotsawar. Mutum sai ya ce ya ji sauƙi. Ranar da kumburi ya sace, sannan ramin ya bayyana. Kuma mai wannan rauni kada ya fyace hanci, domin iska tana iya bi ta wurin karayar ta taru a kewayen ido. Idan ya suma, ko yana amai, ko ganinsa ya ragu, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi

Ƙashin fuska yana saurin kamawa. Lokacin da ya fi dacewa a mayar da shi mazauninsa shi ne cikin mako biyu na farko. Bayan mako uku ya fara haɗewa a karkace. Daga nan sai an sake yanka ƙashin kafin a daidaita shi, aiki ya ƙaru, kuɗi su ƙaru.

Muna girmama masu ɗori, amma wannan ba aikinsu ba ne. Ƙashin kunci ba ya ɗauruwa da kara kamar hannu ko ƙafa. Yana faɗawa ciki ne, sai an ɗago shi da kayan aiki. Idan an danna shi da hannu, ana iya cutar da ido.

Hanyar da za mu bi

Mu fara da gidan likita mafi kusa. Majo zai wanke ciwon, ya yi allurar rigakafin tetanos, ya ba mu takardar turawa. Da ita za mu je asibitin gunduma, ko babban asibiti a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda ake ɗaukar hoton ƙashi. Wanda muke nema shi ne lokotoron da ya yi karatu na musamman a kan fiɗar baki da muƙamuƙi da fuska. Irinsu ba su da yawa a ƙasarmu. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen wannan aiki. Idan an tura mu can, kada nisa ya sa mu koma gida.

Yaya ake gyaran?

Idan an zo da wuri, ana sa mutum barci, a ɗago ƙashin, a riƙe shi da ƴan ƙananan ƙarafa da ƙusoshi marasa tsatsa. Yawanci ana yanka ta cikin baki, ko ƙarƙashin fatar ido, ko cikin gashi, don kada tabo ya fito fili.

Idan raunin ya daɗe, kunci ya riga ya lotsa, har yanzu akwai dabara. Ana iya ɗibar kitse daga cikin mutum ko cinyarsa a cike ramin. Wani sashe na kitsen yana narkewa, shi ya sa wani lokaci ake maimaitawa. Ana iya ɗauko guntun ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari. Ana kuma iya dasa wani abu da aka ƙera don wannan aiki, amma shi yana iya gocewa ko ya yi ruwa. Sau da yawa lokotoro yana jira wata shidda ko fiye, sai tabo ya yi laushi.

Gyaran kunci ba sabon abu ba ne a wurinmu. Akwai ciwon da ke cin kuncin yara masu tamowa, wanda likitoci ke kira noma. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta buɗe cibiya a Damagaram don kula da waɗannan yara har su samu gyaran fuska.

Matambayi ba ya ɓata

Kafin mu yarda a yi aiki, mu tambayi lokotoro cikin ladabi:

1. Fiɗar fuska ce aikinka na kullum?
2. Wace dabara za ka bi, kuma don me?
3. Wane haɗari ke ciki, musamman ga ido?
4. A wane asibiti za a yi, kuma wa zai kula da sa barci?
5. Nawa ne kuɗin duka, har da magani da ƙarfe da kwanciya?
6. Idan matsala ta taso bayan mun koma ƙauye, wa za mu gani?

Lokotoron kirki ba ya fushi da tambaya. Ba ya yanke shawara sai ya ga hoton ƙashi, ya duba ido. Ba ya alkawarin cewa fuska za ta koma daidai yadda take da. Idan aikin ya fi ƙarfinsa, zai tura mu gaba. Mu ma mu gaya masa gaskiya idan muna shan taba ko muna da ciwon sukari, domin su biyun suna hana ciwo warkewa da wuri.

Araha ba ta ado

Mu guji duk wanda ya ce zai cika kunci da allura a cikin shago ko a gida. Mai ko wani ruwa da aka tsira a fuska yana daskarewa, ya kawo ƙullutu da ruɓa, kuma fitar da shi yana da wuya ƙwarai. Irin wannan allura tana iya makantar da mutum. Mu biya kuɗi a wurin biya na asibiti, mu karɓi takarda, mu adana ta tare da hotunan.

Bayan aiki, mu ba maras lafiya kunu da fura da abinci mai laushi. Kada ya kwanta ta gefen ciwon, kada ya yi aikin da zai sa a buge shi har kamar mako shidda. Ya koma asibiti ranar da aka sa masa. Mu kuwa masu hawan moto, mu sa hular kwano.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi uku na karayar ƙashin kunci.
2. Cikin mako nawa ya fi kyau a yi gyara?
3. Don me ba a kai wannan karaya wurin mai ɗori?