Tsohuwar Mota da Fetur Marar Dalma

Mai tsohuwar motar da injinta ke matse mai sosai, kada ruwan kwalba da ake zubawa a fetur a madadin dalma ya ruɗe ka. Dalmar da aka fara zubawa a fetur a Amurka a 1923 aiki biyu take yi: ɗaga oktan don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa, da kare mazaunin bawul daga cinyewa. Amma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, har Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta bar ta a 2021. Za a ce kwalba ta fi araha. Gaskiya ne, sai dai yawancinta bawul kawai take karewa. In kana jin ƙarar ƙwanƙwasa a hawan tudu, nemi fetur mai oktan mafi yawa, bakanike ya ja taimin baya, kuma a sa mazaunin bawul mai tauri.