Darasi Ga Manoma: Yadda Za Mu Karɓi Baƙon Kifi

Kafin a fara darasin nan, sai shugaba ya sa wani ya karanta Farawa 1:20-23, inda mu ke ganin Allah ne ya halicci masu rai na cikin ruwa, ya kuma sa musu albarka.

Kiwon kifi ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, gama tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam, can Filato. Duk da haka akwai hasarar da ƙungiyoyinmu su ke yi a kai a kai. A kan tara kuɗi da ƙyar, har da na gwauraye da na zumuntar mata, a sayo 'ya'yan kifi, a zuba a tafki. Kafin mako ya zagayo sai a ga suna mutuwa, a fara zargin mai sayarwa, ko kuwa wanda aka aika. Sau da yawa kifin lafiyarsa lau ya iso. Irin karɓar da aka yi masa ce ta kashe shi.

Abin Da Talibambam Ya Ke Koya Mana

Masuntan Kwara da Binuwai da tafkin Chadi sun san talibambam, kifin nan mai kumbura ciki. Ana samunsa kuma a kogin Nilu da na Bolta. Ya kan kai wajen inci 17 in ya girma. Haƙoransa 4 ne, sun haɗu kamar bakin aku, da su ya ke fasa katantanwa. A Turai da Amurka akwai masu ajiye shi a ɗaki cikin akwatin gilashi don sha'awa. Da ya ke suna kallonsa dare da rana, sun ga abin da mu ba mu iya gani cikin ruwan tafki mai duhu.

Ran da aka kawo shi sabon wuri, wannan kifi mai faɗa sai ya zama matsoraci. Ya kan laɓe a lungu, ko ya binne jikinsa cikin yashi, sai idanu kaɗai a waje. Launinsa ya kan sāke, ya kuma ƙi abinci kwana da kwanaki. Masu kiwonsa ba su tilasta masa. Ga abin da su ke yi:

Su kan shirya ruwan tun mako 4 zuwa 6 kafin ya iso. Dalili kuwa, kashin kifi yana fid da guba mai suna amoniya, sai waɗansu ƙwayoyin rai da ido ba ya gani sun yi yawa cikin ruwan kāna su iya kawar da ita. Su kan shimfiɗa yashi mai laushi, su sa wurin ɓuya, su rage haske, su hana yara buga gilashin. Ba su ɗaga shi da raga. Cikin kwano mai ruwa su ke kwashe shi, domin in ya tsorata a waje ya haɗiyi iska maimakon ruwa, fid da ita ya kan yi masa wuya, har ya iya mutuwa. Su kan ba shi katantanwa kaɗan a lokaci ɗaya kullum, abin da ya bari su kwashe. Sannu a hankali sai ya fito, har ya gane mai ba shi abinci.

To, abu 4 ke nan: ruwa shiryayye, wurin ɓuya, shiru, da haƙuri wajen abinci. Tarwaɗa da karfasa ma bukatarsu ke nan.

Kafin Kifi Ya Iso

1. In tafkin ƙasa ne, a kwashe ruwan, a bar rana ta busar da ƙasan, a fid da kwaɗi da kifayen da ba mu so. Bayan an cika shi, a sa takin kaji ko na shanu kaɗan cikin buhu, a jiƙa a gefe har ruwan ya yi kore-kore. A tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafin hannu ya ɓace daidai nan, ruwan ya yi. In ya ɓace tun da wuri, taki ya yi yawa, sai a fid da buhun a ƙara sabon ruwa.

2. In sabon kwamin siminti ne, kada a yi gaggawa. Ƙarfin sabon siminti yana kashe kifi. A cika shi da ruwa, a bar shi kamar mako 2, ana zubarwa ana sākewa, a wanke shi sarai.

3. Ruwan famfo yana da maganin kulorin, wanda ya ke ƙona matsatsar numfashin kifi. A tara shi a buɗe ya kwana 2 tukuna.

4. A rufe saman da raga saboda zalɓe, a kewaye gefe saboda tsari da maciji. A yi inuwa a kusurwa ɗaya da zana ko ganyen giginya.

Ran Ɗauko Su

A roƙi mai sayarwa kada ya ba su abinci kwana 1 kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan a hanya. A zaɓi waɗanda girmansu ɗaya ne, gama babbar tarwaɗa ta kan cinye ƙanwarta. A yi tafiya da asuba ko da yamma lis. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar waje, saboda haka jarka mai buɗaɗɗen baki ta ishe ta. Karfasa kuwa sai leda da aka hura wa iskar oksijin.

In an iso, kada a juye su gaba ɗaya. Ruwan jarka ya ɗau zafin hanya, na tafki kuwa da sanyi, kifi kuma jikinsa yana bin zafin ruwan da ya ke ciki. A sa jarkar ko ledar cikin tafkin minti 20 zuwa 30. Sa'an nan a riƙa ɗibar ruwan tafki da ƙwarya ana zuba musu kaɗan kaɗan. Daga baya a karkata bakin cikin ruwa, a bar su su fita da kansu.

Makon Fari

Ran da suka iso kada a ba su kome. Kashegari a yayyafa kaɗan. Abin da ba su cinye cikin minti 10 ba ya yi yawa, zai ruɓe ya ɓata ruwan. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙa ciyad da su, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Mun san kowa yana so ya zo kallo, amma a yi haƙuri sai sun saba. Da sanyin hunturu cinsu ya kan ragu, sai mu ma mu rage.

Mai ciyarwa ya je da asuba ya duba, gama lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. Tarwaɗa ta taso ta shaƙi iska ta koma, wannan halinta ne. Amma in ta tsaya a tsaye kai sama ba ta motsi, ko karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, ko ruwan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to, ruwa ba ya tsami banza. A tsai da abinci, a rage kashi 1 cikin 3 na ruwan a zuba sabo, a kira malamin gona. A kwashe matattu nan da nan, a rubuta yawansu cikin littafin ƙungiya, domin kowa ya san gaskiyar abin da ya faru.

Gargaɗi

Kada a jefa talibambam cikin tafkin ƙungiya, zai ciji sauran kifaye. Kada a bar yara su sa shi kumbura don wasa, ko su kai yatsa bakinsa. Danginsa suna da dafi a fata da hanta da ƙwai, dafuwa kuwa ba ta kashe dafin. Kada a ci shi.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Cikin abubuwa 4 ɗin nan, wanne ne ƙungiyarmu ta fi sakaci da shi?
2. Wa za mu ba aikin ciyarwa, wa kuma zai tsaya masa ran da ba ya nan?
3. In baƙon kifi yana bukatar haƙuri haka, yaya mu ke karɓar sabon mutum cikin ƙungiya da ikkilisiya, musamman mai jin kunyar magana?

A rufe da addu'a. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.